Ranar Da Fushin Zalika Ya Koma Yunwa

A Damargu ba a haƙa rijiya da wasa. Ruwa yana can ƙarƙashin ƙasa, nesa ƙwarai, in ka leƙa ba abin da za ka gani sai ɗan ƙyalli kamar idon kyanwa. Rijiyar garin Bulama Gajere, can arewa da Falanko, marigayi Ila ne ya haƙa ta, shi da wasu mahaƙa da ya ɗauko, rani bayan rani, yana ciyar da su daga rumbunsa. Kafin nan wurin ba gari ba ne, bukkokin manoma ne da ke watsewa da zarar an gama girbi. Rijiyar ce ta zaunar da mutane. Shi kuwa Ila bai daɗe yana shan ruwanta ba, tarin da ya kwaso a cikin ramin ya tafi da shi. Saboda haka matarsa Zalika, ko da yake kowa na ɗiba, baƙo da ɗan gari, ba ta taɓa kallon rijiyar nan kamar sauran rijiyoyi ba. Ita ta san abin da ta ci kafin ta ba da ruwa.

Ana nan sai wata ƙungiyar nasara ta zo yi musu alheri. Ba Faransawan da aka saba da su ba ne, waɗannan Ingilishi suke yi, irin wanda ake ji a bakin masu zuwa Kano. Suka ɗebi ruwan a kwalba suka tafi, suka dawo suka ce akwai cuta a ciki, wai buɗaɗɗiyar rijiya ita ke sa yara zawo. Ruwan da aka haifi yara a kansa har yaran suka yi gemu. Aka kawo siminti da ƙarafa, aka zuba murfi mai kaurin katanga a bakin rijiyar, aka dasa famfo irin wanda ake takawa da ƙafa. Ranar buɗewa sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankin, ya zo daga Tanut, 'yan samariya suka yi kiɗa, aka kuma sanar cewa daga yau wannan kayan gwamnati ne, duk wanda ya taɓa murfin zai yi bayani gaban jandarma. Zamanin soja ne, ba wanda ya nemi a maimaita masa.

Ba za a ci hakkin famfon ba, ya yi aiki. Ya yi 'yan watanni yana zuba ruwa garau, yara na rige-rigen takawa. Ran nan wani abu ya tsinke masa a ciki. A taka, a taka, sai huci. Aka aika Tanut, aka ce babu abin gyaransa. Aka aika Damagaram, aka ce sai an kawo daga ƙasar da aka ƙera shi. Ga ruwa a ƙarƙashin ƙafar mutane, in ka ɗora kunci a kan simintin da safe har sanyinsa kana ji, amma ba damar sha. Wannan kuwa a 1984 ne, shekarar da damina ta leƙo ta juya. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, tafkuna ko gindinsu bai jiƙa ba.

Mata suka koma zuwa rijiyar wani makiyayi Ba'abzine mai suna Aghali, tafiyar da in ka fita da jakuna da sassafe sai rana ta karya kake dawowa. Aghali mutumin kirki ne, bai taɓa hana su ba, amma sai raƙumansa sun sha tukuna, abin da ya rage a raba.

A lura da kyau, Zalika ba yunwa ke damunta ba. Mace ce mai tattali har ana yi da ita a gari. A rumbunta akwai geron bara, ƙarƙashinsa akwai na bara waccan, kuma tun da ta fita takaba ba ta taɓa miƙa ƙwarya gaban kowa ba. Abin da ke cin ranta ƙishirwar dabbobinta ce. Awakin da ta tara ɗaya bayan ɗaya suka fara zubewa a kan hanyar nan. Jar saniyarta ta durƙusa a tsakiyar tafiya ta ƙi tashi, aka yanka ta a wurin, ga rijiyar mijinta cike da ruwa a bayan gari an toshe mata baki. In ta wuce ta gefen famfon nan sai ta kau da kai.

Ba wai ba ta yi magana ba. Baturiyar da ke kula da aikin, wadda kowa ke kira Madam, takan biyo lokaci-lokaci, doguwa, rana ta dafa mata fuska, ga ta da fara'a. Tana tafe da tafinta, wani saurayi daga Yamai mai baƙin tabarau. Zalika ta tsaya ta zazzage abin da ke cikinta, ta yi magana har muryarta ta dushe, sai tafintan ya juya ya faɗi 'yan kalmomi da ba su kai a cika ludayi ba. Madam ta yi murmushi ta dafa ƙirji ta sunkuyar da kai. Ba sai an gaya wa Zalika ba. Wanda aka ce masa ya cuci mutane ba ya dafa ƙirji yana murmushi. Yaron nan godiya yake kai wa, don kada ran uwargijiyarsa ya ɓaci, aikinsa ya samu matsala.

Shi ya sa wata rana bayan an tashi 'yan lakwal ta nufi rumfar zana inda malaminsu, wanda ake kira Mushe Yahuza da salon Faransawa, ke koyarwa. Yahuza ɗan Damagaram ne da aka turo garin, mai ladabi, mai son a san ya yi karatu. Kowa ya san ya taɓa Ingilishi a kwalej. Ta ƙi zama a bencin da ya jawo mata.

"Mushe, kalma ɗaya na zo ka ba ni," in ji ta. "Ta bakin matar nan. Wadda in na faɗa za ta san raina a ɓace yake, ba sai ta bi ta bakin mai tabarau ba."

Yahuza ya ji daɗi an zo gare shi. Ya gyara wuyan riga, ya ɗaga kai ya lalubo kalmar can inda ya ajiye ta tun yana ɗalibi, ya jawo numfashi daga ƙirji ya ce, "Hangiri, Inna. Ita ce fushi."

Ta juya ta a baki ta ji ta yi mata. Kalma ce mai farawa da huci, kamar yadda fushi ke farawa. Ya so ya ƙara mata wasu a gaba da baya don maganar ta cika, ta ce a'a, kaya in sun yi yawa a hanya ake zubar da su. Daga ranar ta kama bita. Tana daka tana faɗi, tana kora jakuna tana faɗi, har matan da suke tafiya ɗiban ruwa tare suka fara cewa ko zafin rana ya taɓa ta.

Da Madam ta sake zuwa, da hantsi ne, aka taru a bakin famfo kamar kullum. Tafinta ya buɗe baki ke nan zai fara gaisuwarsa mai tsawo, Zalika ta ratsa maza ta haye kan murfin simintin. Ya kamata a faɗi yadda take a ranar. Tafiyar ruwa ta zuge ta, wuyanta duk jijiya, zanenta ya yi dauɗa don ba mai wanki da ruwan da aka ɗauko a bayan jaki. Ta dubi Madam ido cikin ido, ta bugi ƙirjinta, ta faɗi kalmar da ƙarfin da ta tara tun mutuwar saniyarta. Ta sake faɗi. Ta miƙa hannu ta zagaye jama'a da shi, ta nuna mata da yara, ta faɗa a karo na uku, don a san ba ita kaɗai ba ce.

Murmushin Madam ya ɗauke. Idanunta suka cika da ƙwalla, ta kama hannuwan Zalika biyu ta riƙe, tana wata magana ƙasa-ƙasa. Ta je mota da sauri ta dawo da ƙunshin biskit da gwangwanin madara ta danƙa mata, sannan ta ɗauke ta hoto a tsaye a kan murfin. Tafinta dai ya sunkuyar da kai.

Zalika ta koma gida ƙirjinta wasai. A ganinta kibiya ta shiga, biskit ɗin nan ban haƙuri ne. Ta rabar wa yaran maƙwabta, ta ce wa mata su shirya tulunansu, masu gyara na nan tafe, ko kuma a zo a fasa murfin a ba su rijiyarsu yadda suka san ta.

Mota ta zo kuwa, babba, ba a daɗe ba. Sai dai babu bututu a ciki, babu guduma. Buhunan jar dawa ne, da garwar mai, da garin madara. Mai tabarau ya hau bayan motar ya yi jawabi, ya ce a gode wa tsohuwar nan da ta yi wa Madam kukan yunwa da harshenta, har kukan ya kai inda ake jin kuka. Duk idanu suka juyo kan Zalika. Wata mai bakin tsiya, Bintu, ta ce a hankali yadda kowa zai ji, ashe rumbun da ake yi musu yanga da shi iska ce a ciki.

Kunya da baƙin ciki suka taru suka lulluɓe ta. Ita Zalika, matar Ila, a ce ta hau kan rijiyar mijinta ta yi bara gaban gari, har da ɗaukar hoto. Ba ta tsaya rabon ba. Ta wuce kai tsaye rumfar lakwal, ta tarar da Yahuza zaune shi kaɗai, da ganin fuskarsa ta san ya riga ta sani.

Bai yi gardama ba. Ya ce tun ranar da ya ga ƙwallar Madam jikinsa ya ba shi, da ya je Tanut taron malamai ya tambayi mai koyar da Ingilishi a kwalej. Kalmomi biyu ne, ba ɗaya ba. Ya durƙusa ya rubuta su da yatsa a ƙasa, angry da hungry, kamar rubutun zai yi wa wadda ba ta karatun boko wani amfani. Ta farko ita ce fushi, angiri, ba huci a gabanta. Ta biyu mai hucin, hangiri, ita ce yunwa.

Ta tambaye shi yadda aka yi mutum mai takarda ya kasa raba su. Amsar da ya ba ta, in ba don abin da ta jawo ba, da dariya za a yi. Ya ce a lakwal, da Faransanci aka fara da su, a can kuwa akwai wani harafi da ake rubutawa amma ba a furta shi, wanda ya furta ya sha bulala. Suka yi shekaru suna koyon haɗiye shi. Da suka je kwalej aka kawo Ingilishi, sai ga harafin nan kuma wai dole a furta, wanda ya haɗiye ya sha bulala. Don gudun duka sai suka riƙa liƙa shi gaban kowace kalma, inda yake da inda babu shi, har abin ya zame musu jiki. Shi ya san kalmar fushi yake nufi, a ransa ita ya ba ta. Bakinsa ne ya ɗora mata hucin.

Ka ji fa. An ɗauki yaron da uwarsa ta haife shi da kunne lafiyayye, aka doke shi ta nan aka doke shi ta can har ya daina jin abin da kowane ɗan goyo ke ji.

"Faɗe su in ji," in ji Zalika.

Ya faɗa, yana taka-tsantsan kamar mai tsallake ƙaya.

"Wannan ne ya gagare ka? Mushe, kai ba Bahaushe ba ne? In na ce maka anya, sai ka nuna mini hanya? In na ce aka, ka ji haka? Ni da ban taɓa zama kan benci ba na ji bambancinsu tun daga nan."

Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin na nan a rumbu tare da geron, ba ta rasa shi ba. Abin da ta rasa mutuncinta ne da rijiyarta. Ta sa ya maimaita mata kalmar gaskiyar har ta zauna, ta kuma ga ta fi sauƙi ma, buɗe baki ne kawai. Ta rantse duk ranar da matar nan ta sake taka garin sai ta ji ta, ta kuma ja ta da hannu har bakin rumbu ta buɗe mata ta gani.

Ranar ba ta yi nisa ba. Labari ya zo cewa Madam za ta dawo tare da babban shugabansu daga ƙasarsu, wai ya ga hoton tsohuwar yana so ya gan ta da idonsa. Da la'asar sai ga Bulama Gajere, maigari, wanda ƙanin marigayi Ila ne, ya yi sallama a ƙofarta. Da can tsakaninsu wasa ne da zolaya irin na matar wa da ƙanin miji. Ran nan ya zauna a bakin tabarma yana ta murza hularsa.

Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso. Ya ji abin da take shirin yi, in ji shi, ya kuma san an cuce ta. Amma akwai wani gari yamma da su, wajen Belbeji, inda wani dattijo ya yi wa nasaran nan alfahari da rumbunsa, tun daga ranar mota ba ta sake tsayawa a can ba. In ta tashi gaban babban baƙo ta ce ita ba yunwa ta ce ba, ga ma geronta, to an mai da garin duka maƙaryata, dawar nan kuma ta yanke.

Zalika ta ce ta yanke mana. Su mutanen Damargu ne, su ke ciyar da wasu, ba a ciyar da su. A buɗe musu rijiya kowa ya riƙe dabbarsa, ba sa bukatar jar dawar da ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Ta faɗi maganganu da yawa, wasu a kan nasara, wasu a kan mazan garin da suka bari aka toshe rijiyar suna tafi.

Ya bari ta gama. Sannan ya ce, "Yaya, yaushe rabonki da gidan Hawa?"

Ta ɗaure fuska. Hawa 'yarta ce ta fari, tana aure a ƙarshen garin. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta zama hira da ita, ba ta shiga gidanta sai da babban dalili. Zalika kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowa, har yabonta ake yi. In sun haɗu a hanyar ruwa takan kau da kai, ita ma yarinyar ta ja mayafi ta ratse. Ta ce masa wace irin tambaya ce wannan.

"Ki je dai," in ji shi, ya tashi.

Da safe ta je, tana jin kamar kowa na kallonta. Abin da ta fara gani tukwane ne jere a gindin danga, cike da 'ya'yan anza da aka jiƙa. Anza ɗan itacen daji ne mai ɗacin tsiya, ba a cinsa sai an yi kwanaki ana jiƙawa ana zubar da ruwan, kuma ba mai taɓa shi sai wanda ba shi da komai. Rumbun gidan a buɗe yake, an share shi tas har ƙasa. Jikokinta na zaune a inuwa shiru, ba irin shirun yara masu ladabi ba, gashin ƙaramin ya yi ja ya yi laushi. Mijin, Abdu, ya tafi cirani tun kaka, ba aike ba labari. A kusurwar ɗaki ga buhun jar dawar nan, an ci rabi, an ɗaure bakinsa tam da tsumma.

Hawa ta fito ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa. Zalika ta dube ta sosai, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba, ta ga ƙasusuwan wuyanta. Ta tambaye ta tun yaushe. Hawa ta ce tun kafin sanyi, motar nan ce ta sa suka ga tuwo. Ta tambaye ta me ya hana ta aiko, ga gero a gidan uwarta.

"Inna, ke ba kya dubana," in ji Hawa, "ni kuma ba na iya dubanki."

Zalika ta juya ta fita. Ta koma gida ta buɗe rumbu ta aika da dami, ta sake aikawa. A hanyar komawar nan kuwa idonta ya buɗe, ta riƙa ganin tukwanen anza ta kafar kowace danga, har a gidan Bintu mai bakin tsiya. Ta tsaya gaban rumbunta ta auna shi da ido. Zai riƙe ta da Hawa da yaran zuwa damina, in an yi tsimi. Ba zai riƙe gari ba ko na mako.

Wannan bai rage mata fushi ba ko kaɗan, ƙara shi ya yi. Da rijiyar na buɗe da awaki na raye, da akwai nono, da akwai abin kai wa kasuwa, da Abdu ma wataƙila bai tafi ba. Waɗanda suka toshe ruwan su ne ke rabon dawa ana yi musu godiya. Ta koma wurin Yahuza ta ce ya tsaya ranar ya faɗi duka biyun, cewa garin na jin yunwa, kuma garin na fushi, ga dalili. Ya ce Inna ai kin ga iyakar Ingilishina, in na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, ga shi kuma mai tabarau zai gyara duk abin da na faɗa yadda ya ga dama. Gaskiya ya faɗa. Kalma biyu gare ta a duniya cikin harshen mutanen nan, kuma ɗaya za a ba ta damar faɗi.

Baƙin suka iso da motoci biyu. Shugaban wani dattijo ne mai furfura, ya fito yana share gumi, ya cire malafarsa ya rataye a jikin famfon, bai ko tambayi abin da ya sa ba ya zuba ba. Bulama ya yi ƙarfin hali ya ɗan taɓo maganar gyara, mai tabarau ya amsa masa da kansa ba tare da ya juya ta ba, ya ce bana an rufe sashen ruwa, duk ƙarfi ya koma kan abinci. Madam ta hango Zalika, fuskarta ta washe, ta zo ta kama hannunta ta jawo ta har kan murfin, daidai inda ta tsaya wancan karo. Ta yi wa dattijon bayani, sannan su biyun suka zuba mata ido suna jira.

Kalmar gaskiyar na kan harshenta, a shirye, buɗe baki ne kawai. Ta ji sanyin simintin a tafin ƙafarta. Bulama na kallon ƙasa, Yahuza ya ɓuya bayan mutane. Can gefe cikin mata ta ga Hawa da ƙwarya a hannu, ƙaramin a goye, kansa ya langaɓe a kafaɗarta.

Zalika ta jawo numfashi daga ƙirji, da saninta, ta ɗora shi gaban kalmar.

"Hangiri," in ji ta.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta bugi ƙirji ba. Hawaye ne suka zubo mata, na baƙin ciki tsantsa, su kuwa baƙin suka ɗauke su a matsayin shaida. Madam ta rungume ta. Dattijon ya gyaɗa kai ya yi alkawari, mai tabarau ya juya wannan karon ba ragi, cewa dawa ba za ta yanke wa garin ba har girbi mai zuwa. Mata suka yi guɗa. Dattijon ya ɗauki malafarsa daga jikin famfo suka shiga mota.

Sun cika alkawari, ba a ce ba su cika ba. Sai dai babbar motar da ta biyo baya ta kafe a rairayi, direban ya ce ba zai wuce Falanko ba, kowane gari ya zo ya kwashi nasa. Maza suka tattara jakuna, aka shiga neman abin ɗaure buhuna gida-gida, don duk igiyoyin garin sun tsinke a hanyar ruwa. Da suka zo ƙofar Zalika ta ce su jira. Ta shiga ɗaki ta taka turmi ta sauko da wani babban naɗi daga saman rufi, da ƙyar ta iya jawo shi waje. Igiyar guga ce ta rijiyar, tuƙar fata, doguwar da ke kaiwa har ruwa. Tun ranar da aka zuba murfin ta naɗe ta, tana shafa mata mai kada ta bushe.

Bulama ya gane ta. Ya ce, "A'a, Yaya, ba wannan ba. Za a buɗe wata rana."

Ta zauna a ƙasa ta ɗauki wuƙa, ta auna gaba biyu ta yanke ta miƙa wa na kusa da ita, ta sake aunawa ta yanke. Mazan suna tsaye, kowa ya karɓi nasa ya wuce. Igiyar ta ishi jakunan duka, har da saura.